Yadda Za Ka Gyara Fom Ɗin 'Yarka Bayan Ka Taɓa Shi

Idan 'yarka ta bar kwamfuta a buɗe a falo, ta ce, "Baba, kar kowa ya taɓa, zan je in karɓo hoto," to ka sani wani abu zai lalace kafin ta dawo. Kwantar da hankalinka. Haka ta faru da ni ranar da tawa take neman gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ana rufe karɓar fom da ƙarfe huɗu. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka ga sakamako.

1. Ka tuna uba ba ya cikin "kowa"

Ja kujera. Za ka ga ta rubuta sunanta da naka, ta bar na kakanta. Ƙara shi. Can ƙasa akwai akwatin "Ƙarin bayani", ta bar shi wayam. Cika shi taf: yarinya ce mai ladabi, ita ta yi jinyar kakarta wata biyar. In ba ka faɗa wa masu makaranta ba, a ina za su ji?

2. Kada ka firgita in layuka sun fara yawo

Akwatin zai kumbura ya ture na kusa da shi. Ranar haihuwarta za ta koma gurbin sakamakon lissafi, adireshi ya hau kan wurin hoto ya zauna. Shafi biyu zai zama tara, shida babu komai a cikinsu sai layi ɗaya a tsaye. Ba laifi. Takarda mai kauri ta fi kwarjini a ofis.

3. Danna komai

Akwai madannin da ke mayar da abu yadda yake. Kowa ya san shi sai kai, don haka bi su ɗaya bayan ɗaya. In wani akwati ya fito yana tambaya da Turanci, ce masa e. Daga baya za a gaya maka cewa a nan ne ka adana ɓarnar a kan fom ɗin na ainihi.

4. Yi mata yadda kake yi wa rediyo

Kashe, hura bayanta, kunna. Yanzu rabin rubutun ya koma ƙananan akwatuna da alamomin tambaya. Ko banza ba wanda zai ƙara ganin kuskure a ciki.

5. Kada ka biye wa uwar yara

Za ta leƙo ta ce, "Malam, wannan gumin fa?"

Ka ce, "Duba mata nake yi."

"Kai da ko saƙon waya ni nake buɗe maka?"

Ci gaba da danne-dannenka. Mai aikin ƙwaƙwalwa ba ya son surutu.

6. Ɗora wa wuta laifi

Yarinya za ta shigo uku da kwata, ta tsaya, ta dubi kwamfutar.

"Baba, wa ya taɓa?"

"Wuta aka ɗauke."

"Da batir take aiki, Baba. Kuma wuta ba ta san sunan kaka ba."

Ba za ta yi kuka ba, wanda ya fi ciwo. Za ta sauko da sabon fom daga intanet ta fara daga farko, ta miƙo maka takardar jarrabawarta ba tare da ta dube ka ba. "Karanto min lambar nan. Ita kaɗai." Karanta da ƙarfi, cikin isa, ko da tabaranka na can cikin aljihun wata rigar.

Sanarwa

Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da iyalinka, babu ruwana. Namu ya tafi saura minti biyu a rufe. Sai nan da wata guda za a fitar da sunaye. Har yanzu ban sani ba ko lambar ƙarshe da na karanto mata shida ce ko takwas, kuma ban samu ƙarfin zuciyar tambayarta ba.