Ranar Da Hoto Ya Bi Kawu

Ni dai har gobe ban yarda na yi laifi ba. Laifin hular anko ne, wato hula iri ɗaya da ake saka wa biki.

Bikin Sale ne, ƙanin matata, a Yerimaram. Na ce kada a wahalar da kai neman mai bidiyo, tunda na ƙware da wata manhaja a waya: kana dangwala wa mutum alama, hoton zai dinga binsa yana zuƙo fuskarsa. Na dangwala wa hular ango, na miƙe ƙafa ina ji kamar ni na ƙera wayar. Ko dubawa ban yi ba, na tura gurup ɗin dangi.

Ashe mutum arba'in ne sanye da irin hular nan. Ango na sunkuyawa, hoton ya tsallaka kan Kawu Bukar, wan surukina, dattijon da ko tari ba a yi a gabansa. Liman na addu'a, jama'a na amin, shi kuwa Kawu yana dambe da cinyar kaza. Ya juya hagu, hoto ya bi shi. Ya kare baki da hannun riga, hoto ya zuƙo maiƙon gemunsa. Minti bakwai cur.

Washegari ya kira ni. "Malam, 'yarmu muka ba ka, ko gemuna?"

Na ce, "Kawu, a duba aikin dai. Hoton nan ko girgiza bai yi ba."

Ya kashe wayarsa.

Yanzu duk walimar da na shiga, daga Bolewa har Mamudo, sai wani ya rufe kwanonsa ya ce, "Jama'a, a haɗiye, ga Darakta nan!"