Igiyar da Ta Ka da Rumfa

Shekarar da ruwan Kwara ya ci gonakin albasa, Gwamma ta rasa mijinta Jatau. Abin da ta samu kuwa biyu ne: jirgin katako mai zanen iska da aka ɗinka da buhunan taki, da ƙanin mijin, Anaruwa, ƙato ɗan shekara arba'in, wanda in ka ce masa tsaya nan, sai ka dawo baɗi ka same shi a nan.

Da jirgin nan ake ci a gidan, don shi ke haye da albasar mutane zuwa kasuwar Yawuri. To, igiyar ƙaramin zane na gaba, wadda ake ja a juya shi ya kama iska, ta ruɓe. Kafin a yi sadakar arba'in Alhaji Bawale dillalin albasa ya fara zarya.

"Gwamma, mace da wawa ba sa tuƙa jirgi. Ki sayar mini tun bai zama itacen girki ba."

"Alhaji, ko gawayi ya zama, a murhuna zai ƙone. A gai da gida."

Wata rana ta aiki Anaruwa kasuwa. "Ka sayo igiya mai ƙarfi, wadda ko guguwa ba ta tsinkawa." La'asar sai ga shi yana nishi, ya naɗo wadda ake janyo motar da ta kafe a taɓo, kaurinta kamar damtse. A gefen jirgin akwai zoben ƙarfe da igiyar ke bi ta ciki. Ko bakinta bai shiga ba. Da aka ɗaura ta da ƙyar, nauyinta ya rinjayi zanen ya kwanta a ruwa.

"Ba ta tsinke ba, Yaya," in ji shi, yana washe baki.

Gwamma ta dubi sama. "Jatau, ka ga abin da ka bar mini."

Wata rana ta sake aikensa. "Wannan karon wadda za ta shige zoben nan ba gardama. In iska ta taso kuma, ka riƙe, kada ka saki." Ya dawo da zaren fatsa. Ya shige zobe kam, sumul. Suna tsakiyar ruwa iska ta cika zane, zaren ya nutse cikin tafin Anaruwa. Ya ƙara damƙewa. Gwamma na baya tana riƙe da filafili, sai ta ga jini yana ɗiga a kan buhu.

"Saki, ɗan nema! Saki!"

"Ɗazu kin ce kada in saki."

Kwana tara tana shafa masa man kaɗe, tana zaginsa, tana ba shi tuwo a baki. Albasar mutane ta koma jirgin inji, Alhaji Bawale kuma ya dawo ya rage tayinsa.

Wata rana, da hannun ya warke, ta zaunar da shi. "Ka ji ni da kyau. Yayanka ba ya sayen igiya da ido. Ɗaure ta yake ya ja, kamar yadda iska ke ja, ya ji zamanta a hannu. Kai ma ka yi haka." Anaruwa ya isa wurin Nomau mai igiya, ya duba abin ɗaurewa, bai ga komai ba sai ginshiƙin rumfar. Ya ɗaura mai kauri ya ja, ta zame masa, ya faɗa kan tiren barkonon maƙwabciya. Ya ɗaura siririya, ta fara cizonsa, ya yar. Ya ɗaura wata mai kaurin ƙaramin yatsa. Ta zauna a tafinsa daram. Ya tuna an ce kamar iska, ya kafa ƙafa, ya yi bismilla. Rumfa ta taho gaba ɗaya, da Nomau a ƙarƙashi.

Aka rugo aka kira Gwamma. Ta tarar da Nomau yana kakkaɓe ciyawa yana rantsuwa sai an je wurin sarkin kasuwa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta buɗe tafin Anaruwa, ba ƙwarzane. Ta duba igiya, ko zare ɗaya bai tashi ba.

"Malam Nomau, kai za ka yi ƙara? Igiyarka ta ka da rumfa a idon kasuwa. Wa ya taɓa yi maka talla irin wannan?"

Ba ta rufe baki ba wani masunci ya ce a auna masa gaba goma irin wadda ta ka da rumfa. Nomau ya manta da sarkin kasuwa. Gwamma ta tafi da tata kyauta, har da ƙarin gaba biyu na barkonon da ya shiga idon ƙaninta.

Ranar kasuwa ta gaba jirgin Jatau ya yanki Kwara kamar balbela. Alhaji Bawale, da tsadar man jirgin inji ta ishe shi, ya tare ta a bakin ruwa. Maganar saye ta wuce. So yake ta riƙa haye masa da albasa, buhu ɗaya nata a cikin ashirin.

"Ɗaya a biyar."

"Haba Gwamma, ki ji tsoron Allah! Ɗaya a sha biyu."

Sai da rana ta karkata suna ciniki, shayinsa ya huce, sannan ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ɗaya a takwas, Alhaji. Igiya kuma ba mai taɓa ta sai wawan nan nawa."