Yadda Za Ka Gano Sabon Abu a Tsatsar Tagulla Cikin Sati Biyu

Shekara uku kana gasa garin tsatsar tagulla a ɗakin bincike a Kitwe, ga shi saura wata guda a sallame ka ba digiri? Kwantar da hankalinka. A kan hanyar da wani ɗalibi, Lubasi, ya bi zan ɗora ka, kuma na yi maka alkawari sai an san da kai.

1. Cinna wuta
Shafa garin a kan faranti, ka tura cikin na'urar da ke haska shi ta zana yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Kai zafin maki ɗari tara. Tsaya kana gyaɗa kai ko ba ka gane komai ba, rabin ilimi ke nan.

2. Kada ka haska faranti shi kaɗai
Wai ƙa'ida ce a fara da shi. Ɓata lokaci! Maman Mulenga, wadda ta shekara ashirin tana kula da na'urar, ta ce, "Ɗana, ka gwada farantin ba komai a kai?" Lubasi ya ce, "Mama, je ki ci nshimarki, tuwon masarar nan, kada ta huce. Wannan aikin masu karatu ne." Haddace amsar nan.

3. Ga sabbin layuka uku a zanen!
Kada ka sake gwadawa, mai yawan bincike ba ya suna. Ruga wurin Farfesa Sikazwe. Zai rungume ka, ya sa sunansa a saman takardar binciken, naka a ƙasa. Yi godiya.

4. Tara jama'a
Ranar da Lubasi ya yi bayani har mahaifiyarsa ta zo daga Mongu. Sai wata injiniyar ma'adinai ta ɗaga hannu. "Malam Lubasi, farantin na mene ne?"
"Na filatinom."
"To ai layukansa ne. Ƙarfe in ya ji wuta buɗewa yake, layukan su gusa. Farantinka ka gano, ɗan'uwa."
Aka kwashe da dariya. Tsohuwa ba ta jin Turanci, sai ta miƙe tana tafi. Wallahi ni kaina na ji tausayinsa.

5. Waiwayi Farfesa
Za ka same shi yana duba waya.

Gargaɗi: in abin ya kwaɓe, babu hannuna a ciki, da ƙyar ma nake tuna fuskarka. Haka Farfesa ya rubuta wa jami'a, kuma aka ƙara masa girma a watan da Lubasi ya kwashe kayansa.