Ruwan Bazara a Gonar Baba

Afra'u ce ta fara ba ni labarin abin nan, autata, wadda ta gama karatu a nan Dutse aka ɗauke ta aikin gwaji a ofishin masu lura da yanayi. Ita ce ma take rubuta wannan, don ni ban iya rubutu ba, na kuma ce da ita kada ta rage komai, har inda aka yi mata dariya. Ranar ina tankaɗe ta ce, "Umma, akwai wani ƙarfe da ake kafawa a fili, shi kaɗai yake auna zafi da iska da ruwan da ya sauka, ya aika ofis ba sai mutum ya je ba." Na ce ikon Allah, amma dai ba shi yake saukar da ruwan ba ko? Ta ce a'a, aunawa kawai yake. Na ce to madalla, ku auna.

Ita ta yi ta roƙon ogansu har aka kafa ɗaya a gonar bayan gidan mahaifina a ƙauye. Aka zagaye shi da waya, aka sa kwaɗo, aka ba Baba makulli saboda awaki. Sai ga abin mamaki. Tsakiyar bazara, ƙasa tana ƙona ƙafa, amma kullum ƙarfen nan sai ya aika cewa an yi ruwa a ƙauyenmu, safe da yamma. Aka tura mai gyara da rana tsaka, ya duba ya ce lafiya lau yake. Oga ya ce to ko wurin ne bai yi ba, ko wadda ta zaɓi wurin. Ranar Litinin za a cire shi, takardar tabbatar da aikinta kuma ba zai sa mata hannu ba. Yarinya ta daina cin abinci. Na ce tashi mu je mu gani da idonmu. Ranar Asabar muka bar unguwarmu Yalwawa, bayan azahar muka iske Baba a zaure yana tufka igiya.

Yana ganin Afra'u ya ce, "Lale lale da amarya! Yau wace rana? Ai na ɗauka yaji kika yi."

"Ina wuni, ango. Wa zai yi yaji daga gidan da ba a ɗora tukunya? Gudun yunwa na yi."

"To ga shi can ma ba ki samu ba. Ke Hassana, ba kya ba ta abinci ne, ko bokon ne yake cinye ta? Wallahi waccan baƙar kazar ta fi ta nauyi."

"Ni dai ga haƙorana cif. Kai fa tsoho, ƙirga mana naka, ba za mu daɗe ba."

"Uku ne, kuma kowanne ya girmi uwarki."

Na ce Baba ni dai a fitar da ni, gaisuwa na zo. Ya ce zauna, ke shaida ce.

Afra'u ta ce, "Tsoho, zancen ƙarfena ne ya kawo ni."

"Au, dogon banzan nan mai ludaya uku a ka? Tun da aka kafa shi yake dama iska, har yau ban ga fura ba."

"Iska yake aunawa, ba abincin marasa haƙori yake yi ba."

"To ruwan fa? Kin ce yana sanin ruwa. Yaushe yake sani?"

"Da zarar ya sauka."

"Kin ji, Hassana? Sai ruwa ya jiƙa ni sharkaf sannan ya ce mini an yi ruwa. Wannan ai ko jakina ya iya. Gwiwata kuwa tun saura kwana biyu take gaya mini."

"Gwiwar da ko wanke-wanke aka zubar a maƙwabta sai ta ce hadari ya taso?"

"Gwiwar nan ta yi damina saba'in da tara, ba ta taɓa neman batir ba."

"Sai man zafi. Kwalba nawa na aiko maka bara?"

"Wannan haƙƙina ne na miji, kada ki yi mini gori."

Ta yi dariya, amma ni na san dariyar ba ta kai ciki ba. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Kaka, don Allah ban da wasa. An yi ruwa a garin nan cikin watan nan? Ko yayyafi?"

"A bazara? Leƙa rijiya ki gani, sai an haɗa igiya biyu. Ita nake tufkawa ma."

"To wa yake shiga wajen ƙarfen?"

Ya ɗaga carbinsa, ga makullin a ɗaure a jiki. "Ko ɗan akuya bai taɓa shiga ba. Ni kaɗai, nakan shiga in kula miki da dukiya, tunda matar gidan ta tsere birni."

Kafin ta sake tambaya aka kira la'asar, ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci, mu ma muka yi tamu a ɗaki. Da ya dawo sai ya cika buta a randa ya ce, "Taso amarya ki ga aikin mijinki. Kuma in nuna miki inda injiniyoyinku suka yi ha'inci."

Muka bi shi. Ranar na fara ganin abin da idona. Dogon ƙarfe ne, ludaya uku suna juyawa a sama, ga wata kibiya, ga allon sola. A gefe kuma, daidai ƙirjin mutum, akwai wani farin gwangwani mai buɗaɗɗen baki, cikinsa kamar mazurari. Baba ya buɗe kwaɗo, ya yi bisimilla, ya kafa bakin buta a gwangwanin nan ya fara tsiyayawa. Sai muka ji wani abu a ciki yana ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Kin ji? Godiya yake yi, ya fi ki ladabi. Amma yoyo yake, dubi ƙasa. Buta guda da safe, buta guda da yamma, yau kwana arba'in, ko ɗigo bai taɓa riƙewa ba. Na so in liƙe shi da ƙaro, na ce bari dai mai shi ta zo."

Afra'u ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta miƙo mini kamar zan iya karantawa.

"Umma, wai yanzun nan an tafka ruwa a garin nan."

Na ɗaga kai, sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini har na riƙe waya.

"Tsoho, ka kashe ni! Gwangwanin nan ruwan sama yake aunawa! Kowace ƙwas ɗin nan ƙirgawa yake ya aika Dutse. Dole ya zubar, haka aka yi shi. Ka san a kwana arba'in ka saukar wa ƙauyen nan ruwan shekara uku?"

"Ni? Da butar nan? To ai sai gwamnati ta ɗauke ni aiki ta sallame ki."

"Sallamar za a yi ai. Wai me ma ya kai ka? Wa ya ce maka ƙarfe yana jin ƙishirwa?"

Sai Baba ya ajiye butar. Ya ce, "Ba don ƙarfe ba ne. Don tsuntsaye ne."

Nan take na gane wurin da muke tsaye. Innata, Allah ya jiƙanta, shekara huɗu kenan da rasuwarta, duk bazara a daidai nan take ajiye kasko ta cika shi da ruwa saboda kurciyoyi da gwara. Takan ce su ba su da guga.

Baba ya ce, "Ranar da za ta cika, abin da ta ce mini kenan, Malam, tsuntsayena. Ban taɓa fashi ba. Da mutanenki suka zo haƙa rami, suka fasa kaskon suka watsar. Na dawo daga kasuwa na tarar babu shi, sai wannan a gurbinsa, baki buɗe, kurciya a kai. Sai na ce a raina, yarinyar nan duk iyayinta ba ta manta kakarta ba, ta sa an yi mata na zamani."

Afra'u ta dubi gindin ƙarfen. Ita ce ta nuna musu wurin da hannunta, kuma wallahi ta manta da kaskon. Hawaye ya zubo mata. Ni ma na juya ina gyara mayafi.

Baba ya dube ta ya ce, "A'a, ki yi a hankali, kada ya faɗa gwangwanin ya ce an yi ambaliya."

Ta yi dariya cikin kuka ta ce, "Ka yafe mini, Kaka."

"Sai na yi shawara. Ke Hassana, wace sallama take faɗa ɗazu? Da gaske ne?"

Na gaya masa komai, zancen Litinin da zancen takarda. Ya shiga murza carbi. Baba mutum ne da ake zuwa wajensa tambayar ranar shuka, ba ya son a ce ya yi kuskure a kan ruwa. Can ya ce, "Kira mini ogan nata."

"Tsoho, ka sani fa, in ka faɗa, za a yi maka dariya daga nan har Garki."

"Tun ranar da na aure ki ake yi mini dariya, na mutu ne? Kira shi."

Ta kira, ta buɗe murya kowa ya ji. Baba ya riƙe wayar nesa da bakinsa kamar za ta cije shi.

"Salamu alaikum. Kai ne ogan amaryata? To hadarin ne da kansa yake magana. Ni ne nake sauka safe da yamma, bayan asuba da bayan la'asar. Buta ce, ɗana, buta. Ƙarfenku bai yi ƙarya ba, yarinyar ma ba ta yi ba. Abin da na zuba shi ya faɗa, har na fara ganin mutuncinsa."

Mutumin nan ya yi dariya har muka ji yana tari. Da Baba ya ba shi labarin kaskon kuma sai ya daina dariya, ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya sa ruwan nan a mizaninta. Ya ce ƙarfe yana nan ba mai taɓa shi, Afra'u ta zo Litinin ta same shi da takardarta. Sai dai yana roƙon Baba alfarma ɗaya, a bar wa Allah saukar da ruwa.

Baba ya ce, "Na ajiye aiki daga yau."

Kafin magariba Afra'u ta je gidan Iya Fiddausi mai ginin tukwane ta ɗauko sabon kasko babba, ta ɗora a ka da kanta. Suka ajiye shi gindin darbejiya, nesa da waya. Ita ta cika shi.

"To ango, ga na matarka ta fari. Wannan ba ya yoyo, ba ya kai ƙara Dutse."

"Ya fi ki rufin asiri kenan. Tsaya." Ya shiga gida, sai ga shi da baƙar kazar nan a hammata. "Ungo. Ki je ki ci, ko kya kamo nauyinta."

"Shekara ashirin da huɗu da aure, yau ka fara cefane."

Ya yi dariya har haƙoran nan uku suka fito, ya ce, "Na ji, kin ci yau. Hassana, kwashe ta ku tafi kafin ta ce a haɗa da jakin."

An sa mata hannu a takarda ranar Litinin. A ƙauye kuwa sunan Baba ya koma Malam Hadari, kuma yana amsawa.

Yanzu damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Ƙarfen yana nan a bayan gida, ludayansa suna ta juyawa, yana ƙirga ruwan da Allah ya saukar, ƙwas, ƙwas, yana aikawa Dutse. Makulli yana jikin carbin Baba. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya sa a kira masa Afra'u ya ce, "Gaya wa dogonki gwiwata ta riga shi." Ita kuma ta ce, "Ka dai rantse ba buta ba ce."