Kyaftin na Bayan Kumbo

"Wasan da ƙattin duniya ke kwashe wata guda suna kuka a kansa, ni na cinye shi kafin shayina ya huce."

Yayana ke nan. A tsakiyar falo yake tsaye, ƙafa ɗaya a kan kujera, waya dab da baki kamar ita ma cinye ta zai yi. Saƙon murya yake tura wa guruf ɗinsu na 'yan gem, masu wasan talabijin. Aikinsa manna gilashi a fuskar wayoyin mutane, kuma ba wayar da ta taɓa barin hannunsa ba tare da kumfar iska a ƙarƙashi ba, amma a gida ya kafa doka kowa ya kira shi Kyaftin. Har Umma. Umma dai "kai" take ce masa.

Bari in gaya muku wasan da sauri, don na ƙagu in kai ku wajen abin. Wani ƙaton kumbo ne, gari guda, yana yawo tsakanin taurari da ragowar mutanen duniya, ana neman inda za a sauka a zauna. A ciki akwai mutane, akwai halittun wasu duniyoyi, wata mai ido uku, wani kamar kwaɗo ya sa kwat. Maganarsu duk "gulu-gulu-gulu" ce, sai fassarar ta fito da Turanci a ƙasan talabijin. In sun gama a jero maka amsoshi ka zaɓi ɗaya, kuma abin da ka zaɓa shi ke juya labarin. Ka yi wa wani rashin kunya yau, gobe ka tarar shi ke riƙe da igiyar da kake reto a jiki.

Ni da can in aka ce in tashi in yi karatu a aji sai harshena ya zama katifa. Wasan nan ne ya gyara ni. Kwaɗo mai kwat ba ya dariya in na yi tuntuɓe, rubutun kuma yana nan tsaye har sai na latsa. Yanzu ba abin da ke tsira a hannuna, har bayan kwalin sabulu.

Yaya ya yarda in riƙa yin nawa wasan in ya tafi shago, da sharaɗin ko leƙa nasa kar in yi. A nawa ina da aboki, wani mutum-mutumi mai ɗingishi, Gwangwani nake ce masa. An kama shi a duniyar ƙanƙara saboda ni. Shi ya tare ƙofa da jikinsa har na gudu. Saura ƙiris in koma in ɗauko shi.

Sai na ji yadda Yaya ya rufe saƙonsa. "Ra'ayina a taƙaice, wasan banza ne. Surutu ya fi harbi yawa. Tela, ka taho da faifan ƙwallonka yau mu yi musaya."

In faifan wasanmu ya bar gidan nan, Gwangwani ya daskare ke nan har abada.

"Yaya, wai ya aka yi ka gama? Ni ko rabi ban kai ba."

"Kyaftin."

"Kyaftin, ya aka yi ka gama?"

"Ke karatu kike yi, ni wasa nake." Ya ɗaga babban yatsa yana latsa iska. "Da sun buɗe baki, wuce. Wuce, wuce, wuce."

"In an jero amsoshi fa?"

"Ta ƙasa. Kullum ta ƙasa. Kin taɓa ganin babban mutum ya sa hannu a saman takarda?"

Ni na san ta ƙasa. A wasan nan amsar ƙasa ta mahaukata ce. In sarauniyar wata duniya ta ce maka barka da zuwa, ta sama "na gode", ta tsakiya "me kike nema", ta ƙasa kuwa "wannan hancin naki ne ko aro kika yi". Na buɗe baki zan faɗa masa, ya ce yara su yi shiru manya na tunani.

Da rana ta ɗan yi sanyi abokansa biyu suka iso. Tela da faifan ƙwallo a aljihu da leda a hannu, sai Ɗan Tabarau, wanda ya gama wasan har sau biyu kuma ba a ambatar wasan a gabansa bai dafe ƙirji ba. Tun daga ƙofa suke musu.

"Ni wasan nan sai da ya sa na kira mahaifiyata na gaishe ta ba dalili," in ji Ɗan Tabarau. "Wurin da tsohon injiniya ya zauna shi kaɗai yana kallon duniyarsu ta taga, kwana na yi ban ci abincin kirki ba."

"Ni ƙorafina kayan jikinsu," in ji Tela. "Mutane sun ƙera kumbo amma ba wanda ya iya ɗinka aljihu. Sai dai wuyan rigunansu, gaskiya akwai aiki. Shi ya sa nake son faifan, in kwafa."

"Ku duka biyun ba 'yan wasa ba ne," Yaya ya ce. "Ɗaya makoki ya je, ɗaya kasuwar yadi. Ina rigata?"

Ashe tun kwanaki ya tura wa Tela hoton lambar yabon da aka ba shi a wasan, ya ɓoye labarin nasararsa sai an gama aikin. Tela ya zaro riga fara, a ƙirjinta an yi wani zobe da zare ruwan gwal, dogo-dogo kamar ƙwai, buɗe ta gaba, taurari sun kewaye shi. Yaya ya zura, ya ɗauki hoto yana ƙamewa, ya jefa a guruf da rubutu: Zoben Taurari, mutum ɗaya ake ba wa.

Ɗan Tabarau ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. "Ni fa ban taɓa ganin wannan lambar ba. Kunna mu gani."

"Ina za ka gan ta? Ka taɓa zuwa bayan kumbo?"

"Bayan kumbo kuma?"

"Can aka tura ni. Wurin manya ne." Yaya ya ɗauki rimot ɗin wasa, ya yi tsalle ya faɗa kujera. Muka ji ƙaras. Tabarau ne, mai su ya ajiye su a nan yana murza ido. Yaya ya zaro su daga ƙarƙashinsa a karye biyu, ya miƙa masa ya ce, "Da ma sun tsufa."

Wasa ya buɗe. Wani dogon ɗaki ne fari tas, tayil har bango, madubai a jere, ƙananan ƙofofi a ɗaya gefen. Mutumin Yaya na tsaye a tsakiya da wata hula mai mariƙi a ka, a hannunsa doguwar sanda mai gashi a baki tana ƙyalli.

"Fadata," in ji Yaya. "Wannan hular sarauta. Wannan kuma sandar haske, ba makamin da ya kai ta."

"Fadar da madubi haka?" Tela ya tambaya.

"Don in ga maƙiyi ta baya."

Wani koren abu ya malalo daga ƙarƙashin ƙofa. Yaya ya zabura, ya hau latse-latse, harshe a waje. Mutuminsa ya dirje abin da sanda, gaba, baya, gaba, baya, har wurin ya yi ƙal. Wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙil.

"Na kashe shi. Haka suke ta zuwa. Da safe sun fi yawa."

Ɗan Tabarau ya kanne ido har ya kusa shiga talabijin. "Wannan ɓoyayyen mataki ne kuwa? Na ji ana cewa akwai irinsu."

Yaya ya kumbura har zoben ƙirjinsa ya miƙe.

Sai ga kwaɗo mai kwat ya shigo a guje, dafe da ciki. Ko kallon Yaya bai yi ba, ya faɗa ɗaya daga ƙananan ƙofofin ya danno sakata.

"Kun ga tsoro? Da sun gan ni sai ɓuya."

Can sai ƙarar ruwa, fuuu, irin wadda kowa a falon nan ya sani.

"Makaminsa ne," Yaya ya ce da sauri. "Ya harba bai same ni ba."

Kwaɗo ya fito yana gyara wando, ya wanke hannu, ya jefa wa mutumin Yaya wani abu ya fita.

"Haraji," in ji Yaya, amma muryar ta ɗan sirance.

Ni tuni na karanta allon da ke saman ƙofa, na cusa gefen mayafina a baki. Kafin in shaƙe sai ga mai ido uku ta shigo, kafaɗunta duk taurari. Ita ce shugabar kumbon, a nawa wasan sai na nemi izini nake ganinta.

"Mataimakiyata ce, gaisuwa ta zo," Yaya ya ce. Ta fara gulu-gulu, rubutu ya cika ƙasan talabijin, yatsan Yaya ya nufi wuce. Caraf Tela ya fizge rimot.

"Tsaya, tsaya. Bari in ga yadda aka yanka wuyan rigar nan."

Rubutu ya tsaya cak. Ni kuma na gaya muku, yanzu bakina ba ya neman izinina. Kawai ji na yi ina karantawa ina juyawa da Hausa.

"Ta ce, ma'aikaci, tun ranar da ka zagi hancin sarauniya har aka kore mu daga duniyarta, ka auri injin wanki a gaban shaidu, ka ba da mutum-mutuminka aka ba ka bokiti..." Na tsaya. "Gwangwani ka bayar? Aka ba ka bokiti?"

"Hular sarauta ce."

"Ci gaba, ƙanwata, ci gaba," in ji Ɗan Tabarau.

"Ta ce ba ta taɓa ganin wanda aikin banɗaki ya karɓa kamarka ba. Ta ce ka riƙe mofar goge-gogen nan da kyau. Kuma matarka na gaishe ka, wai ka daina zuba mata omo da yawa." Na juya na kalle shi. "Yaya, ba bayan kumbo aka tura ka ba. Bayan gida ne."

Tela ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ƙarya take," Yaya ya ce. "Yarinyar da bara ko sunanta za ta karanta sai ta yi hutu a tsakiya? Kawo nan." Ya ƙwace rimot. Amsoshi sun jeru. Bai ko kalla ba ya gangara ta ƙasa ya latsa. Nan take kiɗa ya tashi, ƙahoni da ganguna, taurari na zubowa daga sama.

"Kun ji? Kiɗan nasara. Irinsa aka yi min ranar da na gama wasan."

Tela ya rarrafa gaban talabijin, ya ɗora yatsa a kan rubutun yana bi a hankali kamar mai auna yadi. "Ka ce... kana roƙon alfarma... a haɗa maka... da banɗakunan bene na biyu. Ta ce... an ba ka."

Wata ƙofa ta buɗe a bayan mutumin Yaya. Ƙananan ƙofofi ne a jere har inda ido ya ƙare, a gabansu layin halittu masu girman giwa, kowanne dafe da ciki.

Ɗan Tabarau ya ɗaga rabin tabaransa a ido ɗaya, ya matso kusa da ƙirjin Yaya, ya daɗe yana kallon Zoben Taurari. "Tela, wannan ba mazaunin masai ka ɗinka masa ba?"

"Ni abin da aka turo min na kwafa. Har na ce masa siffar ta yi min kama da wani abu, ya ce in wuce."

Wayar Yaya ta fara zuu, zuu, zuu a kan tebur, tana tafiya da kanta har ta kusa faɗowa. 'Yan guruf sun gane hoton.

Da Tela ya samu numfashi ya share hawaye, ya zaro faifan ƙwallo ya miƙa. "To Kyaftin, ga naka, ba ni nawa."

Yaya ya kalli faifan, ya kalli layin giwaye, ya kalli wayarsa da ke ta rawa.

"Mayar da abinka. Faifan nan ba ya barin gidan nan sai na zauna a kujerar matar can mai ido uku. Sai kowa ya dawo ya ba ni haƙuri."

"To za ka fara karantawa?" Ɗan Tabarau ya tambaya.

"Karatun me? Na gano inda matsalar take. Ban cika saurin latsawa ba ne."

Na lissafa a raina, da wannan dabarar faifan nan har jikokina sai sun same shi a gidan. Gwangwani, riƙe ƙofar nan, ina tafe.

Duk abin nan ashe Umma na tsaye a ƙofar kicin. Ta juya ciki, muka ji ƙarar ƙarfe, ta fito da mofa a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya, ta dire su a gaban Yaya. Ta gyara masa wuyan riga, ta shafa zoben gwal ɗin.

"Kyaftin," ta ce. Ranar ta fara kiransa haka. "Maƙiya sun taru a bayan gida tun safe. Kuma wannan ba shi da wuce."