Tsohon da Na Sa Kuka a Timia

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama mai ɗaukar foto na minti goma ba. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, damina ta yi gardama, ƙungiyoyin da ke ba ɗalibai istaj, wato aikin koyo, kuma sun tattara sun tafi. Gurbi ɗaya ya rage, a bibiliyotek, ɗakin littattafan lakkol ɗinmu, aka ce wanda ekzozensa, wato bayaninsa gaban aji, a kan fari ya fi kyau shi zai samu. Ni kuwa na gaji da dafa shayi a fadar samari a unguwar Dagmanet.

Na shiga anternet na samo foto: wani tsoho a bakin busasshiyar rijiya, raƙumin jan ruwa kwance a gefe. An rubuta a ƙasa kowa na iya amfani da shi kyauta, sharaɗin kawai a ambaci mai shi. Layi ɗaya fa! Na sa yatsu biyu na datse sunan, ko karanta shi ban yi ba.

Ranar ekzoze na tsaya gaban aji ina gyara murya. “Wannan ni na ɗauka da kaina a Timia.” (Ni da ban taɓa wuce tashar mota ba.) Da na ga an yi tsit sai daɗi ya kwashe ni, na ce tsohon har kuka ya yi, ya riƙe hannuna.

Madam Gaisha, mai kula da bibiliyotek, ita ce alƙaliya. Ta cire tabarau.

“Ɗana, ina sunan tsohon?”

“Eh to... bai faɗa ba, Madam.”

“Bon. Mahaifina ne. Rijiyar garkarmu ce a Iférouane, ba Timia ba, ni na ɗauka. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin hawayensa ba, kai ka yi sa’a.”

Aji ya fashe. Wani daga baya ya ce, “Sannu jurnalis!” Wallahi har kunnuwana sun yi zufa.

“Na ba duniya shi kyauta,” in ji ta. “Sunana kawai na roƙa. Shi ma ya yi maka nauyi?”

Wata Hadiza ce ta samu istaj ɗin, da foton ramammiyar akuyarsu, dishi-dishi, rabin yatsanta a ciki. Amma nata ne.

Yanzu ko barkwanci zan tura a grup sai na rubuta bakin wa na ji shi. Kuma in har ƙarya ta kama ka dole, don Allah kada ka sa uban mutane kuka.