Kumfar da Ɓeraye Suka Cinye

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Kumfar Toshe Ɓaraka na Tashkobuk,
duk inda ofishinku yake, don adireshin da ke jikin gwangwanin ya fi ƙarfin idona.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin makiyayi ke yi wa mai kujerar da ke juyawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ɗakin da ba ya yoyo. Sunana Toktosun, daga wani ƙauye kusa da At-Bashi. Shekara shida na yi a makaranta, biyu daga ciki a aji huɗu, saboda haka in ka ga wani harafi ya karkace, ka taimaka ka miƙe shi da kanka.

Ina da tarago, irin ɗakin kwanon nan mai taya huɗu da tarakta ke ja mana zuwa makiyayar kan dutse duk watan Yuni, mu yi wata huɗu a ciki muna tatsar goɗiyoyi. Na ce "muna" ne don mutunci. Matata Burulkan ce ke tatsa, sau biyar a yini, ni kuwa aikina riƙe ɗan dukushi da ba da shawara. Goɗiyoyin nan goma sha ɗaya ba su yarda da hannuna ba. Na gwada sau ɗaya, har yau ƙauyenmu ba a daidaita a kan nisan da na yi a sama ba. In Burulkan ba ta hau dutse ba, babu kumus, wato tsamammen nonon goɗiya da muke sayarwa, kuma kumus ɗin nan ne ke riƙe da karatun 'yarmu Aizirek a babban birninmu Bishkek.

Bara, ranar da za mu sauko, ruwan sama ya biyo rufi ya zuba cikin kwaɓin burodinta. Ta je ƙaro gari, ta tarar da ɓera a buhu da 'ya'ya bakwai. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Cewa kawai ta yi shekara ashirin da uku tana zaune cikin rariya, in ban gyara ba, bana in hau ni kaɗai in tatsi abin da zan iya. Wannan ne ya kai ni kasuwa, na dawo da gwangwaninku shida ina murmushi. Ga kokena.

Na ɗaya. Ba ku gaya wa jama'a cewa abin nan yana girma bayan an fesa shi ba. Wato kun faɗa, Aizirek ta ce yana layi na uku, amma da rubutu irin ƙafar tururuwa. Na cika tsagar gefen ƙofa, na je shan shayi, na dawo na tarar ƙofata ta haifi tunkiya. Na sunkuya in duba, gemuna ya shiga. Gemun shekara talatin, ranka ya daɗe, almakashin sausayar tumaki ne ya raba mu. Ranar Juma'a yayan matata, Esengul, ya gaishe ni a ƙofar masallaci da ladabi ƙwarai, ya tambaye ni ko na ga inda surukinsa ya shiga.

Na biyu, kuma a nan nake so ka gyara zama. Aizirek ta karanta mini a waya cewa sai an jiƙa wurin kafin a fesa. Rafinmu yana can gangare, guga yana da nauyi, ni kuma ina da gwiwa. A ƙofar gida kuwa ga buhunan nono Burulkan ta rataye suna tsiyaya, don ta mulmula kurut, busasshen cukun da muke ci duk sanyi, ga kwano cike da tsamin ruwan da ke ɗiga daga cikinsu. Ina tambaya cikin girmamawa: in an ce wa mai hankali ya jiƙa abu, ga kuma abin jiƙawa a gabansa kyauta, sai ya gangara rafi? A ƙasar da kowace ƙofa akwai irin kwanon nan, ba wanda ya yi tunani a kamfaninku ya rubuta "ban da wannan"? Na jiƙa kusan kowace kafa da shi, ban yi rowa ba.

Na uku. Rufin tarago yana yoyo wuri uku, daɓensa na katako yana da huda tara. Hawa tsani ba ya cikin abubuwan da Allah ya hore mini, sai na fara da daɓe tunda shi ne kusa. Kafin in kai ga rufi gwangwani na shida ya yi tari ya mutu. Na dubi aikina na ce tara daga cikin goma sha biyu, ko a makaranta ban taɓa cin haka ba. Ashe hudojin ƙasan nan su ne ke fitar da ruwan da na sama ke shigowa da shi. Shekara ashirin da uku rufi da daɓe suna da yarjejeniya a tsakaninsu, ni na shiga na raba su. Kumfarku ta riƙe wuri biyu-uku da na manta ban jiƙa ba, kuma ina shaida muku ta riƙe da gaske, daidai inda bai kamata ba, wato hudojin da ruwa ya fi bi ya fita.

Na huɗu, wanda laifinku a cikinsa har yanzu ina nema, amma ban fid da rai ba. Saboda amincewa da ku, na ce wa Burulkan ta daina wahalar rataye kurut a rumbu, ta zuba buhu huɗu cikin tarago, har da shimfiɗar gashin tumakin da mahaifiyarta ta ɗinka mata. Na ce ko iska sai ta nemi izini. Na sa kwaɗo a watan Oktoba. Da ƙanƙara ta narke a Mayu, na gayyato Esengul musamman ya zo ya ga buɗewa, don in rama na gemu.

Ina buɗe ƙofa, ruwa ya fito har ya haura takalmansa. Ɓeraye sun bi kumfarku layi-layi, duk inda na shafa tsamin nono sun cinye tas, suka shiga, suka tarar da kurut. Ranka ya daɗe, ba su gudu ba. Ba su iya ba. Wani babba a kan gado ya dube ni kamar ni ne na shigo ba sallama. Shimfiɗar tana yawo a kan ruwa, an ci mata kusurwa guda. Esengul ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Suruki, ai ba gyara ka yi ba, masauki ka buɗe. Ga ci, ga sha, ga wurin wanka."

Burulkan ta ɗauki shimfiɗarta ta shanya, kwana uku ba ta kira sunana ba, shayi ma sai dai in ga kofi a ajiye. A rana ta huɗu ta jero mini kaya a ƙofa: soson ƙarfe na wanke tukunya a cusa kowace kafa, yankakken kwano da ƙusa a rufe samansa, kwalta a narka don rufi, huda biyu na daɓe kuma a sake buɗe su a sa musu ragar waya. Na hau tsani. Esengul ne ya riƙe mini, yana tambayata ko akwai wasiyya.

Alhamis da ta wuce aka yi jarrabawa. Ta sa na saka farar hulata da rigar Juma'a, na zauna a tsakiyar gado, ta sa yayanta ya kwarara guga goma a kan rufi. Sharaɗinta, in na fito a bushe ta hau dutse. Na fito, kafaɗata ta hagu a jiƙe sharkaf. Na yi ƙoƙarin tsayawa a karkace, amma ta zagayo. Ta taɓa wurin, ta shiga ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta daɗe, ni kuma ina lissafin yadda mutum zai roƙi goɗiya gafara. Can ta ce, "Baban Aizirek, ja gadon nan dama kaɗan. Ka gaya wa mai tarakta Litinin."

Saboda haka ban rubuto don ku biya ni komai ba. Roƙona biyu ne. Ku ƙara girman rubutunku, sannan ku umarci masu shaguna kada su ƙara sayar da gwangwani shida ga magidancin da ya zo shi kaɗai, ba tare da matarsa a gefe ba.

Gadon kuwa na ja shi har ya tokari bango, bai kuɓuta duka ba. Rabin dama ya fita daga ƙarƙashin ɗigon, rabin hagu yana nan. An riga an sanar da ni wane rabi ne nawa.

Naka mai biyayya matuƙa, a zaune ko a jiƙe,

Toktosun Abdirazak uulu, wato ɗan Abdirazak,
mai riƙe dukushi,
kusa da At-Bashi.